Ayar da na sa a bakin Allah

Daga admin: Wani dattijo ne ya aiko wannan, rubuce da hannu a takardun kaye, irin littafin rubutun 'yan makaranta, ya roƙa a ɓoye sunansa. Na kwafa yadda yake.

Salama a gare ku 'yan'uwa na wannan zaure, Kirista da Musulmi, don na san duka akwai a nan. Don Allah ku ba ni shawara. Sau huɗu ina fara wannan takarda ina yagewa, in na ce muku sati uku na yi ina jinkiri ban faɗi gaskiya ba, jinkirin nan ya kusa shekara sittin. Yanzu kuwa ba ni da sauran lokaci, ranar Asabar mai zuwa wani zai zo gidana da tambaya, kuma ban san abin da zan ce masa ba. Sunayen da zan ambata duk na canja su.

Ni haifaffen Damagaram ne, karatuna bai wuce firamare ba, na samu sartifika a lakwal, wato makarantar boko, sai aka ɗauke ni aikin allurar dabbobi. Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai aka tura ni yankin Damargu, can wani ƙauye tsakanin Tanut da Belbeji wanda ba zan faɗi sunansa ba. Tun ina ƙarami ni mutum ne mai tsoron kuskure, in na rufe ƙofa sai na dawo na taɓa ta, in na yi wa saniya allura sai in kwana ina tunanin ko na yi mata sau biyu. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da ke yi muku magana.

A ƙauyen nan na tarar da wani magini da aka kawo ya ɗaure rijiya da siminti, zan kira shi Malam Bitrus. Mutumin Adamawa ne ta Najeriya, ɗan ikilisiyar Lutheran, gajere mai yawan dariya, Hausarsa da ɗan gargada. Yana da Littafi Mai Tsarki na Hausa da yake naɗewa cikin tsohon buhun siminti. Ta hannunsa na karɓi bangaskiya. Mu huɗu ne muke zama ran Lahadi a rumfar da ake ajiye kayan aiki, mutanen gari suna kallonmu kamar masu wata 'yar taɓuwa amma ba wanda ya taɓa tsangwamarmu, har fura ake aiko mana.

Malam Bitrus ba fasto ba ne, amma abin da aka koya masa a gida ya riƙe shi da kyau. Yakan ce Littafin nan hurarre ne daga Allah, mutane ne suka rubuta da hannunsu, kowa da irin bakinsa, amma Ruhu Mai Tsarki ne ya bi da su, don haka ba mafarki, ba fasto, ba wani babba da ke sama da shi. Yakan ce Littafi shi ke fassara kansa, in ka shiga wuri mai duhu kada ka yi ta lalube, ka ɗauko wurin da yake a fili ka haska. Ya kuma ce magana iri biyu ce a ciki, Shari'a da Bishara, Shari'a tana fasa mai taurin kai, Bishara tana ɗaure wanda ya riga ya karye, wanda kuma ya musanya su ya yi kisa ko da aya ce a bakinsa. Abin da ya fi tsana shi ne a buɗe Littafi da ka a ɗora yatsa a ce ga abin da Allah ya ce game da ni. Wata rana ya kama ni ina yin haka kafin in tafi rangadi, ya fizge Littafin ya ce, "Kai mai allura, ka mai da shi ƙasar duba ne? In ka buɗe ka samu sunayen kakanni, sai ka fasa tafiya ka tsaya neman kakanka?" Muka yi dariya. Ban manta ba, wannan ne ma ya sa laifina ya fi nauyi.

Cikin mu huɗun akwai wani dattijo ɗan asalin garin, Baba Kyari, tsohon mahaƙin rijiya ne, shi yake nuna wa Malam Bitrus halin ƙasar wurin. Ya yi karatun allo da ƙuruciya, boko kuwa bai san ko harafi ɗaya ba. Sai dai kansa kamar an yi shi don hadda. In aka karanta masa wuri sau uku ya riƙe ke nan, kuma yadda aka raine shi, abin da ya fito daga Littafi ba a taɓa masa ko wasali. In na karanta yau na ce "da" gobe na ce "kuma", sai ya tsayar da ni ya ce, "Ɗana, duba da kyau, jiya ba haka ka ja ba."

Da rijiya ta ƙare, ga shi kuma hankali ya tashi a Najeriya, Malam Bitrus ya ce zai koma ya ga iyalinsa. Ranar da zai hau kamyo, babbar motar kaya, ya miƙa mini Littafin da buhunsa, don ni kaɗai ne mai iya karatu a cikin sauran. Ya ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Ka karanta musu abin da yake rubuce. In ba ka gane ba ka ce ban gane ba, wannan ba kunya ba ce." Na yi masa alkawari, hannuna cikin nasa. Daga ranar ban sake ganinsa ba.

Bazarar da ta biyo Baba Kyari ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Wata rana bayan azahar ya aiko a kira ni in zo da Littafi. Zafi ne irin wanda ko tsuntsu ba ya motsi, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas kwana uku ke nan yana tsaye ba ya zuba. Na same shi kwance a inuwar zana, ya sallami kowa. Nan ya gaya mini abin da ya ce bai taɓa gaya wa mahaluƙi ba, har Malam Bitrus.

Ya ce tun yana da ƙarfinsa, wata shekara ta fari, rijiyar gidansu ce kaɗai ta rage da ɗan ruwa, ana jira tun safe kafin ya taru. Sai ga wani Buzu matafiyi, shi kaɗai da raƙumi, ya roƙi a bar shi ya jefa guga sau ɗaya. Shi kuwa a ranar ya yi faɗa da wasu makiyaya a kan layi, ransa a ɓace, sai ya zare igiya daga bakin rijiya, ya naɗe ta a kafaɗa, ya ce wa baƙon akwai wata rijiya a gaba, alhali ya san ta ƙafe. Bayan kwana biyu masu zuwa kasuwa suka tsinci mutumin ƙarƙashin wata aduwa, raƙumin yana tsaye a kansa. Ba wanda ya san ya biyo ta wurinsa. Ya ce mini, "Tun ranar, in na naɗe igiya sai in ji kamar wuyan mutum nake naɗewa."

Sai ya ce in buɗe Littafi ba tare da na zaɓa ba, in rufe ido in ɗora yatsa, in karanta masa hukuncinsa. Na ce Baba, Malam Bitrus ya hana wannan. Ya ce, "Bitrus yana Adamawa, ni kuma ina bakin kabari. Buɗe." Na ce bari in karanta masa wurin da muka saba, ya ce wannan zaɓina ne, shi zaɓin Allah yake so. Mutum ne da ya isa ya haife ni, yana haki yana roƙona. Na buɗe.

'Yan'uwa, yatsana ya sauka cikin littattafan annabawa, a kan wurin da ake yi wa masu zubar da jini magana, cewa laifinsu ya kama su kuma ranarsu ta matso. Ba zan kawo shi kalma da kalma ba, hannuna ba zai iya ba. Na karanta a zuci. Na ɗaga kai na ga idonsa a kan hannuna, ba ya ko ƙiftawa. Da na juya shafi zai gani. Da na yi shiru zai gane. Na san wurare masu haske da yawa, na san abin da Malam Bitrus ya ce game da karyayyen mutum, abin da ya kamata in yi shi ne in rufe Littafin in ce Baba ba haka Allah yake magana ba, ga abin da ya faɗa a fili game da Almasihu da gafara. Yau na san haka sarai. A ranar kuwa tsoro ne ya riƙe ni, sai na ji bakina yana tafiya, yatsana yana bin layi kamar mai karatu, na ce:

"In ji Ubangiji, na ga igiyar da ka naɗe, na ga kuma hawayen da ka zubar a ɓoye. Rijiyata ba ta da murfi, zo ka sha."

Babu wannan a shafin. Ni na ƙaga, a nan take.

Na zaci Baba Kyari ya gane. Sai ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "A hankali, ɗana, kada ka ci mini harafi." Na sake na uku ina tsoron kada in canja wata kalma. Ya maimaita da kansa daidai, sannan ya fashe da kuka kamar yaro, yana cewa, "Ashe har igiyar ya sani. Har igiyar." Ya kama yatsan nan nawa ya ɗora a goshinsa. Ya ƙara kwana goma sha wani abu a duniya, kuma duk wanda ya gan shi a kwanakin ya ce bai taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba. Cikin kwanakin ne ya koya wa 'yarsa Zara kalmomin, ita kaɗai ce ta bi shi cikin bangaskiya, a lokacin sabuwar amarya ce. Da su a bakinsa ya cika.

Bayan an binne shi na koma na nemi shafin, don na lanƙwasa kusurwarsa. Na ce bari in karanta surar duka yadda aka koya mini, tun daga kai har ƙasa. Can wajen ƙarshenta, a wannan sura ɗaya, sai na tarar ana magana a kan annabawan da suke shafa wa ruɓaɓɓen abu farar ƙasa, suna cewa Ubangiji ya ce, alhali Ubangiji bai yi magana ba. Na ajiye Littafin na fita. Tun daga ranar wata tambaya ba ta bar ni ba: Baba Kyari ne ya ce a buɗe, amma yatsan wa ya sauka a shafin? Nawa ne. Na san an hana ni yarda da duba, na san shafi ba ya farautar mutum, ina gaya wa kaina haka kullum. Amma kuma abin da ke rubuce a wurin gaskiya ne ko an buɗe da ka ko an buɗe da niyya, kuma ya kwatanta abin da na yi. Ga kuma gargaɗin da ke ƙarshen Littafi game da mai ƙari da mai ragi. Wani ya taɓa ce mini wannan gargaɗin na littafin ƙarshe ne kaɗai, ban samu natsuwa da haka ba.

Na rubuta wa Malam Bitrus wasiƙa na faɗi komai, na kai ta har gidan waya a Tanut, na tsaya a bakin akwati, na dawo da ita. Na biyu na aika amma ban faɗi komai a ciki ba sai gaisuwa, ita ma ba amsa. Aka mayar da ni Damagaram, na yi aure, na haifi 'ya'ya, har aka sa ni cikin dattawan ikilisiya ina karanta Nassi a gaban jama'a. Mutane suna yabona wai ba na tuntuɓe a karatu, ba su san dalilin da ya sa nake bin kowane layi sau biyar kafin Lahadi ba. Sau da yawa na je gaban fasto da niyyar faɗa, sai in ɓuge da wani ƙaramin laifi. Na roƙi gafara a ɓoye ba adadi. Na ɗauka abin ya mutu tare da tsohon, ya rage tsakanina da Allah.

Bai mutu ba. Zara ta riƙe kalmomin yadda ubanta ya ba ta. Ta koya wa 'ya'yanta, su ma suka koya wa nasu. In yaro ya yi zazzaɓi su ake karanta masa, in za a yi tafiya su ake karantawa, a gidansu ana kiranta ayar Baba. Na taɓa jin wata jikanyarta ta tashi a taron mata ta ba da shaida da ita, ana ta cewa amin, ni ina zaune a baya ina jin kamar ƙasa ta buɗe.

Yanzu Zara ta tsufa, tana kwance a nan Damagaram, likita ya ce a mai da ita gida. Ta bar wasiyya tun tana da rai cewa ayar Baba za a karanta a jana'izarta, a faɗi sura da aya. Ɗanta, zan kira shi Iliya, magidanci ne da ya shiga makarantar koyon aikin fasto da girmansa. Ya nemi ayar a Hausa, tsohon juyi da sabo, ya nema a Faransanci, ya nema a wayar salula, bai samu ba. Ya tambayi malaminsu, aka ce masa babu. Da ya gaya wa uwar sai rigima ta tashi. An ce ta ce masa karatu ne ya kumbura masa kai har yake ƙaryata kakansa, shi kuma ya ce ba zai tsaya a kan kabari ya ce Allah ya faɗi abin da bai ga an rubuta ba, ko da uwarsa ce a ciki. 'Yan'uwansa mata suka goyi bayan uwa, yanzu ba sa yi masa magana. A ƙarshe Zara ta ce, "Je ka wurin Malam mai allura, yana raye, da bakinsa ya ja wa Baba ita daga cikin Littafi. Shi zai buɗe maka ka ji kunya."

Iliya ya kira ni sati uku da suka wuce. Ya ce, "Baba, taimakonka nake nema, kai kaɗai ka rage." Na ce masa kunnena ba ya ji sosai a salula, wanda shi ma rabin ƙarya ne. Ya ce to in sun samu hutu zai zo, ran Asabar ɗin nan mai zuwa ke nan, in ajiye masa tsohon Littafin. Yana nan kuwa cikin akwatina, da buhunsa, da kusurwar shafin a lanƙwashe. Tun da ya kira, yatsan nan na manuni ya mutu, ba na jin komai da shi. 'Yata ta ce sukari ne, mai yiwuwa sukarin ne.

Ga inda na tsaya. In na faɗi gaskiya, na wanke Iliya, amma zan je wa mace mai jiran mutuwa in ce abin da ubanki ya mutu a kai, abin da kika raini 'ya'yanki da shi, maganar wani ɗan shekara ashirin da 'yan kai ce da tsoro ya kama. Za ta tambaye ni to me shafin ya ce a kan ubanta. Me zan amsa? Ita ba ta ma san labarin Buzun ba, ta ɗauka igiyar misali ce kawai, in na buɗe wannan na tona asirin da mamaci ya ba ni amana. In kuma na ce na manta wurin, ko tsohon juyi ne da ya ɓace, na sake yin ƙarya a kan maganar Allah da furfurata, na bar ɗa mai gaskiya ya zama maƙaryaci a gidansu, kuma a kan kabari za a sake cewa in ji Ubangiji.

Wani lokaci ina ce wa kaina ai ma'anar ba ƙarya ba ce, akwai wuraren da ake kiran mai ƙishi ya zo ya sha kyauta, akwai gafara ga wanda ya fi Baba Kyari laifi. Sai wata zuciyar ta ce in haka ne me ya hana ka karanta waɗancan, me ya sa ka sa hannu a takardar da ba taka ba? Abin da ya fi hana ni sukuni ma ba kaina ba ne. Malam Bitrus ya ce bangaskiya tana rataye ne a kan alkawarin Allah. To Baba Kyari a kan me ya rataya tasa? In a kan maganata ce, ina tsoron kada in zama na yi masa abin da ya yi wa Buzun nan, na nuna masa rijiya a gaba alhali ba ruwa a ciki.

Don haka ina roƙon masu sani a cikinku, musamman fastoci da waɗanda suka yi karatu a wajen 'yan Lutheran, ku gaya mini dalla-dalla abin da koyarwarku ta ce: mutumin da ya dogara ga gafarar Almasihu ta hanyar kalmomin da ba a rubuta ba, ya dogara ga Allah ne ko ga wanda ya ƙaga su? In akwai aya ta gaskiya da ta fi kusa da waɗannan kalmomi, ku rubuto mini sura da lamba ta hannun admin, in samu abin da zan miƙa wa Zara in na karɓe wancan. Ku gaya mini kuma wa zan fara faɗa wa, ɗan ko uwar, kuma ko ina da izinin ɓoye zancen igiyar. In akwai ɗan Adamawa da ya san wani magini gajere da ya ɗaure rijiyoyi a Damargu a shekarun nan, ko ya san 'ya'yansa, ya sanar da ni, akwai Littafinsu a hannuna da wasiƙar da ban aika ba.

Yau Talata. Zara ta aiko jiya a gaishe ni, ta ce a gaya mini tana jira.